Takardar saran itace a gandun daji: ina ake yankarta, kuma wa take karewa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka sani. Allah ya hore mini 'yar motar ɗaukar kaya, ina so in fara kawo icce Gusau ina sayar wa gidajen burodi da masu abinci. Wani ya ce sai na yanki takarda wurin ma'aikatan gandun daji, wani kuma ya ce babu wata takarda, abin goro kawai ake miƙawa a shinge a wuce. Ni dai ba na son in fara neman halal da abin da za a kama ni a kai. Ina ake zuwa, kuma wane irin icce aka yarda a sara?

Na-Kanwuri: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a motar. Amma ni tun da nake ban taɓa ganin mai icce da takarda ba.

Mai Kula da Zaure: A ɗan dakata, muna da mai abin a nan. Baba Malamin Daji, ranka ya daɗe, ga tambaya taka.

Baba Malamin Daji: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Baban Ummi, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka sa gatari. Takarda tana nan, kuma na daɗe ina rubuta ta da hannuna kafin in ajiye aiki.

Abin da za ka fara ganewa shi ne daji ba iri ɗaya ba ne a idon doka. Akwai gandun daji, wanda gwamnati ta auna, ta kafa masa iyaka, ta buga shi a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Yawancin namu tun zamanin Turawa da En'e aka keɓe su, muka gaje su daga Jihar Arewa, muka gaje su daga tsohuwar Jihar Sakkwato lokacin da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996. Akwai dajin gari, wanda ke hannun jama'a da hakimi da ƙaramar hukuma. Sannan akwai itatuwan da ke cikin gonakin mutane. Ban sa irin su Kamuku na Birnin Gwari a lissafi ba, domin wannan na gwamnatin tarayya ne, kuma can ba a ba kowa takardar sara ko ɗiba, komai ƙanƙantarsa.

Harkar daji a ƙasar nan ta jiha ce, ba ta Abuja ba. Saboda haka ka fara da sakatariyar ƙaramar hukumar da dajin yake, sashen aikin gona, ka ce kana neman malamin daji. In abin na cikin gandu ne, shi zai haɗa ka da jami'in jiha mai kula da shiyyar, domin sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ne ke da iko da gandu. Za a tambaye ka wane daji, wane irin itace, da me za ka ɗauka. A lokacinmu da lodi ake lissafi: na jaki daban, na amalanke daban, na mota daban. Kuɗin yana cikin jadawalin da gwamnati ta fitar, ka ce a nuna maka shi da idonka. Kuma kada ka bar wurin sai da rasit mai lamba da hatimi, da kwanan wata, da sunan dajin, da ranar da izinin zai ƙare. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya rubuta maka a fallen littafin makaranta, ba gwamnati ka biya ba, kuma ranar da aka tsare ka wannan fallen ba zai cece ka ba.

Takardar itacen girki ta busasshe ce, wanda ya mutu da kansa ko iska ta kayar. Ba ta ba ka ikon kayar da ɗanye ba. Kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, kuka, gawo, maɗaci, giginya, waɗannan ko a gonarka ta gado suke, ba ka kayar da su sai malamin daji ya zo ya duba ya yarda.

Baban Ummi: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan bayanin ban taɓa jin sa haka ba.

Ɗan Tsafe: Baba, tuba nake, ba musu nake da kai ba. Amma wane gandu ake magana? Kuyambana? Sububu? Dajin Rugu? Wane malamin daji ne zai shiga can yau ya duba busasshe da ɗanye? Wanda ke da iko da wanga daji ba shi da hatimi, bindiga gare shi. A watan Afrilun 2023 aka kwashe mutanen Wanzamai a ƙasar Tsafe, kusan 80 kamar yadda aka ruwaito, yawancinsu yara da mata, kuma icce suka tafi nema. Ko da kowanensu yana riƙe da rasit, me zai yi masu? Gwamnatin da ba ta iya tsare mutum a daji, da wane ido za ta ce ya biya ta kuɗin shiga?

Na-Kanwuri: Wallahi abin da ke raina ke nan.

Maman Sadiku: Ni bari in faɗi tawa, tunda mu ne muke ƙona iccen. Waina nake toyawa kowace safiya, da ita nake ciyar da marayu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kuɗin mota ya tashi, icce ya bi shi. Gas ya fi ƙarfinmu, kananzir kuwa an ma daina maganarsa. Ƙullin iccen da nake saye da can ya kai ni kwana biyu, yanzu kafin hantsi ya ƙare, kuma rabinsa ɗanye, sai hayaƙi, idona har ya fara ciwo. In aka ƙara wa Baban Ummi kuɗin takarda, a kaina zai fanshe, ni kuma in fanshe a kan yaron da ya zo sayen waina zai tafi makaranta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanwata tana ƙauye. Ta ɗauko ɗan icce a kai, ƙirare ne ma na sabara da geza, wani ya tare ta ya ce shi ma'aikaci ne, sai ta biya ko ta sauke. Tana tsaye tana roƙo babbar mota ta wuce ta gefensu, shaƙe da gungume, ko ɗaga mata hannu bai yi ba. Baba, haka dokar ta ce?

Baba Malamin Daji: 'Yata, ba haka ta ce ba, kuma wanda ya yi wa ƙanwarki haka ya ci zalinta. Lokacin da ake keɓe gandu, ba a rufe shi haka nan. Sai an tura jami'i ya zauna da garuruwan da ke kewaye, ya ji abin da suka saba ɗiba, a rubuta shi cikin takardar kafa gandun. Kusan duk wadda na taɓa karantawa ta bar wa maƙwabtan daji haƙƙin busasshen itacen girkin gida, da 'ya'yan itace, da zuma, da ciyawar jinka, da sassaƙen magani, da hanyar wucewa zuwa ruwa. Takarda don ɗan kasuwa aka yi ta, mai ɗiba ya sayar. Matsalar ita ce waɗannan takardun suna cikin kabad, mutanen ƙauye ba su san an rubuta masu haƙƙi ba. Wanda bai san haƙƙinsa ba kuwa kowa ya sa riga mai launin ciyawa sai ya tsorata shi.

Ɗana na Tsafe, maganarka gaskiya ce, kuma ina jin ta har ƙashina. Akwai abokan aikina da ba su ƙara taka gandun da aka ba su tsaro ba tun da abin nan ya ɓaci. Ba zan ce wa kowa ya shiga Kuyambana don ya riƙe takarda ba. Amma in muka ce tunda babban daji ya fita hannu to a bar kowa ya sara yadda ya so, ina za a sara? Ba can ciki ba, can ba mai zuwa. Ɗan abin da ya rage kusa da gari da bakin titi, inda ake da sauran aminci, shi za a share. Kuma ana share shi yanzu haka. Duk wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Talata Mafara tun da daɗewa ya san yadda gefen hanya yake da, ya san yadda yake yau.

Mai Burodi: A yi mana adalci dai, kullum mu ake nunawa da yatsa. Tanda ba ta cin ƙirare, sai icce mai nauyi wanda ke riƙe wuta, marke ko ƙirya. Wutar lantarki ba ta tsayawa balle mu sayi tandar zamani, dizal kuwa kowa ya san kuɗinsa. A 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a nan Zamfara, Katsina ta hana manyan motoci ɗauko icce daga daji, Kaduna ma ta hana sara da jigilar icce da gawayi a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga. Iccen ya daina zuwa? Bai daina ba, tsada kawai ya ƙara, masu shinge suka samu abin karɓa. Ni na fi son a ce ga takarda, ga kuɗinta sananne, in biya sau ɗaya. Abin da ke kashe mu shi ne a biya a ofis, a sake biya a kowane shinge har gari.

Ɗalibar Noma: Baba, ina da ƙari kan maganar busasshe, don a nan dabarar take. Mai sara ba ya jiran itace ya mutu. Sai ya je da rani ya kware ɓawon gindinsa ya zagaye, ko ya tara ciyawa a gindin ya cinna wuta. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, da an yanke wannan hanyar saiwa ta mutu, itacen ya bushe a tsaye. Bayan wata da watanni sai ya dawo da takardarsa ta busasshe, kuma bai yi ƙarya ba a ranar, busasshen ne. Mun ga haka da idonmu lokacin da aka fita da mu aikin gani da ido, kaɗanya a jere duk da zobe a gindi.

Kaɗanya tana kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Matar da ke tsintar ƙwara tana yin man kaɗe za ta ci moriyarta har jikokinta, mai gawayi kuwa buhu kaɗan zai samu ya wuce. Ƙirya ma haka, daɗewa take kafin ta girma, ga shi ita maƙera da masu gawayi suka fi so. Maɗobiya kuwa saboda yadda aka riƙa kwasar ta ana kaiwa Sin, tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe. Takardar da aka rubuta a ofis ba tare da an je an ga itacen ba, izinin kisa ce kawai.

Baba Malamin Daji: Allah ya yi miki albarka. Shi ya sa a da ba ma rubutawa sai mun taka. Mu je da mai nema, mu ga itacen, mu duba gindi ko akwai zobe ko toka, mu sa masa alama. In katako ne akwai guduma mai lamba da ake buga wa gungume. Aikin yana son ƙafa da babur da mai, kuma yana son ma'aikata. Mu muka yi ta ritaya, waɗanda ake ɗauka ba su kai waɗanda ke fita ba.

Na-Kanwuri: Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Dajin Allah ne. Wa ya shuka marke? Ba hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta ba? Kuma an ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙo. To don me za a sa wa talaka haraji a kan abin da Annabi (SAW) ya kwaɗaitar?

Malamin Islamiyya: Malam Na-Kanwuri, hadisan biyu duk sun zo, kuma ka kawo su a wurinsu. Sai dai tarayya tana nufin kowa yana da rabo, har wanda ba a haifa ba. In mutum ɗaya ya zo da injin sara da babbar mota ya kwashe abin da gari guda ke ɗiba a shekara, ai shi ne ya karya tarayyar. Kuma keɓe wuri don maslahar jama'a ba Turawa suka kawo shi ba. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin sadaka, kuma ya umurci mai tsaron wurin ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya hana garken masu dukiya. Ka ga shugaba yana da ikon tsarawa, amma an nuna masa wanda zai sassauta wa. Abin da Maman Sadiku ta ba da labari, an juya wannan umurnin ne a kife. Kuɗin da aka karɓa ba rasit kuwa, ba haraji ba ne, cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Na-Kanwuri: Na karɓi wannan, Malam. Amma a fara da masu mota.

Jikan Arɗo: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Ana ta maganar gatari, ba a taɓo garma ba. Gandun da ya fi yawa ba masu icce suka cinye shi ba, yanka shi aka yi aka raba gonaki, kuma ba talakawa aka ba manyan filayen ba. Har makiyayar da aka keɓe mana a ƙarƙashin dokar 1965, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, duk an shiga. Mahaifina in ya sassabo reshen gawo ko kawo don shanu da bazara, tara ake cin sa, alhali reshe yana tohowa. Wanda ya tumɓuke daji guda da katafila kuma takarda gare shi. Ba ina kare masu ɗaukar bindiga ba ne, mu ma sun kore mana shanu, sun kashe mana dangi. Amma in za a gyara maganar takarda, a haɗa da takardar da ake ba mutum ya mayar da gandu gona.

Sannan Yaya Baban Ummi, ka kula da wannan. Motar da kake gani ta fito daga cikin babban daji da lodi lafiya lau, ka tambayi kanka wa ta biya kafin ta fito. Kada kuɗinka ya zama harsashi.

Baban Ummi: Subhanallah. Wannan ban yi tunaninsa ba, kuma shi ya fi tsorata ni.

Ɗalibar Noma: Akwai abin da maƙwabtanmu na Nijar suka gwada. Tun 1992 suka yi dokar kasuwannin itace na karkara. Ƙauyen da ke bakin daji shi ke da kwamiti, a raba dajin kashi-kashi, bana a sari wannan a bar sauran su huta, a ƙayyade yawan abin da za a fitar a shekara. Mai mota ba ya shiga daji, a kasuwar ƙauyen yake saye, a nan ake yanka masa takarda, kuma wani kaso na harajin yana zama a garin. Wanda ya ɗauko daga dajin da ba a tsara ba harajinsa ya fi yawa. Ba a ce babu matsala ba, amma mutanen gari sun samu dalilin tsare dajinsu.

A yankin Maraɗi kuma tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gona. Maimakon a share sabara da kalgo ƙaf lokacin sassabe, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Cikin 'yan shekaru gona ta samu itatuwa, mace ta samu iccen girki ba ta je daji ba. Abin da ya sa ya karɓu shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba za a ci shi tara in ya rage reshe ba. Mu nan Zamfara muna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na tare hamada, muna kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Ana raba dashe kowace damina, amma dashen da ba mai ba shi ruwa da rani akuya ce ke gamawa da shi. Kututturen da ke gona kuwa saiwarsa ta riga ta yi nisa.

Ɗan Tsafe: Ƙanwata, karatunki ya yi kyau. Amma kwamitin ƙauye a inda mutanen ƙauyen ke kwana a tashar mota a cikin gari? Kuma ko inda mutane ke zaune, duk wanda aka naɗa shugaban kwamiti aka ce kuɗi na bi ta hannunsa, an nuna shi ke nan. A fara maido da mutane gidajensu tukuna.

Baba Malamin Daji: Inda aka watse, maganarka ce. Amma ba duk jihar ce ta watse ba, kuma garuruwan da ke zaune su ne 'yan gudun hijira suka ƙaru a kansu, bakin murhu ya ninka, itacen kewaye ke ɗaukar nauyin. Can ne ya kamata a fara, yau ba gobe ba. Da ni za a tambaya, sai in ce a sauko da littafin rasit zuwa gaban mai gari, malamin daji ya riƙa zuwa ranar kasuwa, a karanta wa jama'a haƙƙinsu da Hausa, a liƙa jadawalin kuɗi a ƙofar fada. Mai kaya a kai ya wuce ba tambaya. Mai mota ya biya sau ɗaya, rasit ɗin ya kai shi har Gusau.

Kuma sara ma iyawa ne. Marke da taramniya da sabara suna tohowa in an sare su da kaifi, a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututturen, aka kuma tsare wurin daga wuta da dabbobi har tohon ya fi ƙarfin baki. Wanda ya ƙone gindi ya kashe har saiwa. Jikan Arɗo, kakanninka sun san wannan tun kafin a buɗe makarantar koyon aikin daji, shi ya sa reshe suke ɗauka su bar uwa.

Jikan Arɗo: Haka ne Baba. Allah ya sa masu iko su ji.

Baban Ummi: To Baba, ga abin da na yanke. Babban daji na haƙura da shi. Akwai manoma a garuruwan bakin titi masu dogon yaro da itacen turare a gonaki da bayan gida, suna rage rassa kafin damina don kada inuwa ta danne shuka. Zan riƙa saye a hannunsu. Shi ma sai da takarda?

Baba Malamin Daji: Ka je dai wurin malamin dajin yankin ka gabatar da kanka, ka faɗa masa abin da za ka riƙa ɗauka da inda za ka kai. Shuka ce ta mutum, ba gandu ba, don haka abin da kake buƙata shi ne shaidar inda kayan ya fito da rasit na jigila, saboda a hanya ba mai gane na gona da na daji in an faskara. Ka sa mai unguwa ya san cinikin, kada gobe ɗan'uwan mai gona ya ce itacen gado aka sayar ba da saninsa ba. In mai gona ya ce ka haɗa da ɗorawa ko kaɗanya ya rage maka kuɗi, ka ce a'a. Kuma ka gama lodi ka kamo hanya da sauran rana.

Mai Burodi: Turare yana ci a tanda in ya bushe sosai. In ka fara ka neme ni.

Maman Sadiku: Ni ma ka sa ni a layi, amma don Allah ka bar dogon yaron ya sha rana ya bushe kafin ka kawo. Ɗanyensa hayaƙi gare shi mai ɗaci, yana kama waina, masu saye su ce na canza hannu. Kuma ka faskara ƙanana, murhuna ba ya ɗaukar gungume.